Kogin Dilimi, Marayan Da Ya Raini Jos

Duk mai son ya san halin da garin Jos yake ciki, ya yi sammako wata safiyar hunturu, ya tsaya a kan ɗaya daga cikin gadojin da suka haye kogin Dilimi, ya leƙa ƙasa. Na yi haka a watan Janairun da ya wuce, sanyi na yankan kunne, hazo bai gama washewa ba. Abin da idona ya fara cin karo da shi leda ce. Baƙa da fara da ta fiya wata, duk sun maƙale a jikin duwatsu da saiwoyi har zuwa inda ruwan damina ya tsaya, kamar shanyar da aka manta ba a kwashe ba. Ruwan kansa ya tsuke ya zama ɗan siririn zare, launinsa tsakanin toka da kore. Wata yarinya da ba za ta wuce shekara tara ba ta iso da bokitin shara a ka, ta juye shi ta saman gada, ta koma gida. Aiken da aka yi mata ke nan, ta kuwa cika shi. Can gaba kaɗan samari biyu suna wanke keke Napep, daga bayan wani gareji kuma baƙin mai ya yi wa kansa hanya yana gangarawa.

Daga nan na bi gaɓar kogin na yi arewa, inda gidaje ke raguwa lambuna ke farawa. Ga ƙarar injin ban-ruwa, ga kabeji da latas da karas sun yi shar. Na iske wani dattijo yana gyara bakin tiyo. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ruwan nan ba ya damunku?" Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai mu ma muna da hanci. A ruwan nan na koyi iyo, a cikinsa na kama kifi ina yaro. To yanzu ka faɗa mini, wa zan kai wa ƙara?"

Tun ranar tambayar nan take cin raina. Gona tana da mai ita. Kasuwa tana da sarkinta, tashar mota tana da shugabanninta, masallaci da coci kowanne yana da kwamitin da zai tashi tsaye idan rufi ya fara yoyo. Dilimi kaɗai ne kowa ke mora, babu mai tsaya masa. Abin da nake son in faɗa a wannan maƙala ɗaya ne: masu fafutukar kare muhalli a Filato sun riga sun nuna cewa sun san yadda ake sama wa wuri masu shi, domin sun yi hakan a dajin Amurum. Lokaci ya yi da za su sauko da wannan dabara bakin Dilimi.

Kogin da ya tara jama'a

Wanda bai san tarihin kogin nan ba zai ɗauka wata babbar kwata ce da ta ratsa gari. Alhali da babu Dilimi, da wuya a sami Jos a inda take. Tun kafin Bature ya hau wannan tsauni, mutanen Liruwen Kano, wato Riruwai ta yau, da na Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi suna narka kuza, suna fitar da ita sirara kamar tsinken tsintsiya, fatake suna kai ta kasuwanni masu nisa. Waɗannan tsinkaye ne suka faɗa hannun 'yan Kamfanin Neja a bakin Binuwai, suka shiga cigiyar inda ake samo su. A farkon shekarun 1900 cigiyar ta kawo su bakin Dilimi. Injiniyansu Henry Laws ya kafa sansani a Tilden Fulani, daga baya aiki ya matso Naraguta, ya yi ta hawa yana bin yashin kogin. Birom da Anaguta da Afizere suka ga baƙi suna kwararowa ta kowace kusurwa: Hausawa, Fulani, Barebari, Yarabawa, Ibo, Urhobo, Tibi, har da mutanen Saliyo da Gana. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya domin kwasar kuza, a 1927 babban layin dogo ya iso ta Kafanchan.

Arziki ya fita daga ƙasar nan, amma da tsada. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya a 1942, Ingila ta juyo kan Filato. Aka yi ɗiban gwamna, aka kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa aka kawo su aikin tilas, da yawa sanyi da cuta suka kashe su. A 1943 kuzar da aka haƙa ta haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Bayan yaƙi aka shiga cin kasuwar kwalambait. Daga nan tauraron ya fara dusashewa, har kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985. Kamfanoni suka tattara nasu ya nasu, suka bar mana tuddan jar ƙasa da ramuka masu zurfi fiye da dubu, cike da ruwa, daga Rayfield zuwa Bukuru zuwa Barikin Ladi, waɗanda har yau suke cin yara da dabbobi. Dokar ma'adinai ta 1946 ta ce a riƙa cike wuraren da aka haƙa, an kuma dasa itatuwan turare a wasu, amma ɗan abin da aka gyara bai taka kara ya karya ba.

A duk tsawon wannan zamani, a wurin kamfani kogi kayan aiki ne: a wanke kuza da shi, ya tafi da laka. Babu ruwan kamfani da inda lakar za ta sauka. Kamfani ya tafi, amma ya bar mana idonsa, da shi muke kallon Dilimi har yau. Da laka muke ba shi ya tafi da ita, yanzu leda da bahaya da baƙin mai.

Abin da aka zuba yana dawowa

Sai dai kogi ba ya haɗiye abu ya ɓatar. Dilimi ya ratsa ta gefen Gangare da unguwar da ta ci sunansa, ya karɓi rafukan da ke gangarowa ta wajen Rikkos, ya wuce Unguwar Rogo da Naraguta, ya faɗa ƙasar Toro a Jihar Bauchi. Can ya shiga kogin Bunga, wanda a gaba ake kira Jama'are. Jama'are ya haɗu da kogin Haɗeja a fadamun Haɗeja da Nguru, suka zama Komadugu Yobe, suka nufi Tafkin Chadi. Ke nan masuncin Gashuwa da makiyayin da ke shayar da shanu a fadamar Katagum suna da rabo a cikin bokitin da yarinyar nan ta juye. Mu mutanen tudu Allah ya ba mu amanar mafarin ruwa. Kogin Kaduna da na Gongola ma daga wannan tsauni suka taso. Wanda ke zaune a kan ruwa, nauyin na ƙasa da shi yana wuyansa.

Ba ma sai an je da nisa ba. Noman rani a bakin Dilimi da bakin tsofaffin ramukan kuza shi ne ya rufa wa dubban gidaje asiri bayan mutuwar ma'adinai. Daga lambunan nan kaya ke zuwa kasuwar Farin Gada, daga Farin Gada manyan motoci su kai Abuja da Legas da Fatakwal. 'Yan lambun Jos suna da wata tsohuwar dabara ta sayen tokar bola daga cikin gari su zuba a matsayin taki. Lokacin da bola take tokar murhu da ɓawon doya da kashin awaki, dabara ce mai kyau. Yau bola ta cika da matattun batura da roba da tarkacen waya, idan aka ƙona su gubarsu tana cikin tokar. Masu bincike daga Jami'ar Jos da wasu wurare sun sha ɗibar ruwan Dilimi su auna, sun kuma sha ba da rahoton ƙwayoyin cuta irin na bahaya da burbushin ƙarafa masu cutarwa. Latas kuwa ba a dafa shi. Abin da muka jefa ta saman gada da safe, shi ne ke dawo mana a faranti da daddare, ko muna zaune a Gangare ko a Rayfield.

Wani lokaci kuma dawowar ba ta sallama. A daren Lahadi 22 ga Yuli, 2012, cikin kwanakin farko na azumi, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rahotannin lokacin sun ce madatsar Lamingo ta tumbatsa. Ruwa ya sauko, ya tarar an gine masa hanya an kuma toshe sauran da shara, sai ya bi ta cikin ɗakunan mutane a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. Fiye da mutum 30 suka rasu, da yawansu mata da ƙananan yara, gidaje wajen 200 suka rushe ko suka nutse. An yi jaje, an raba katifu da buhunan shinkafa, an yi alkawura. Wanda ya bi gaɓar nan yau zai ga sababbin gine-gine a inda ruwa ya share na da. Duk shekara idan hadari ya haɗu ta gabas, akwai iyayen da ba sa runtsawa.

Darasin Amurum

Yanzu mu bar cikin gari mu yi tafiyar kilomita kamar 15 zuwa Laminga, a Ƙaramar Hukumar Jos ta Gabas. A can akwai ɗan daji mai faɗin hekta wajen 300, duwatsu da kurmin bakin rafi da ciyawa, sunansa Amurum. Ko'ina a kewayensa gatari da wuta da gona sun cinye itatuwa, shi kuwa yana nan tsaye. Tsayuwar tasa aikin mutane ce. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, wato NCF, wadda aka kafa a 1980, ita ta shiga tsakani ta zauna da mutanen Laminga. A farkon shekarun 2000 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin al'ummar garin da NCF da Jami'ar Jos da Gidauniyar Leventis, aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a cikin dajin. Yau ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma suna zuwa Laminga yin digiri na biyu a fannin kare halittu. An ƙidaya nau'in tsuntsaye wajen 300 a wannan ɗan wuri. Daga cibiyar ne kuma aka ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015, wanda ya sa matasa a jihohi da dama suka kafa ƙungiyoyin kallon tsuntsaye.

Akwai wani labari na dajin nan da nake so ƙwarai. A duwatsun Filato akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi wanda ba ya yin sheƙa. Sai ya saka ƙwansa a sheƙar wani tsuntsu, a ƙyanƙyashe masa, a raina masa, ɗan kuma ya tashi yana kwaikwayon kukan wanda ya raine shi. Wani masani ɗan Amurka, Robert Payne, ya saurari kukan baƙin tsuntsun nan ya ji yana kwaikwayon wata murya da ba ta dace da ta kowane sanannen tsuntsu ba. Bin wannan murya ne ya kai ga gano wani ɗan jan tsuntsu mazaunin duwatsu, ɗan'uwan jajayen nan da ke tsince-tsince a tsakar gida, aka shigar da shi littafin kimiyya a 1998 a matsayin sabon nau'i. Ba a samunsa sai a duwatsun Filato da wasu tsirarun duwatsu na Arewa da iyakar Kamaru. Saboda shi da ɗan rainonsa, mutane suna tasowa daga Turai su zo Laminga.

Me ya sa Amurum ya tsira? Kuɗin Leventis ya taimaka, ilimin jami'a ya taimaka. Amma kuɗi da ilimi sun sha zuwa wurare su koma babu abin da ya canja. Sirrin shi ne ba a kori mutanen Laminga an kewaye daji da waya ba. An sa su cikin yarjejeniya da sunansu. 'Ya'yansu ne ke gadi, su ne ke raka masu bincike, har wasunsu sun san tsuntsu da kukansa fiye da mai digiri. Idan wani ya shigo da gatari ko ya cinna wuta, akwai wanda abin zai yi wa ciwo, akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Dajin ya sami masu shi.

Na san abin da wani zai ce: mutane suna fama da yunwa da rashin tsaro, ku kuna zancen tsuntsu. Ba na raina wannan magana, domin mai yin ta yawanci daga cikin wahala yake yin ta. Amsata ita ce, ba laifin tsuntsu ba ne da ya sami masu tsaya masa. Abin kunyar namu ne, mu da muka bar kogin da dubban ɗaruruwan mutane ke rayuwa a bakinsa babu mai tsaya masa. Kada a rage wa Amurum komai. A ɗauko darasinsa a kawo cikin gari.

Inda fafutuka ke tuntuɓe

A nan dole in yi wa 'yan'uwana masu fafutuka magana ta gaskiya, domin ina ɗaya daga cikin masu halartar tarukansu. Na taɓa zama a wani taron Ranar Muhalli ta Duniya, 5 ga Yuni, a zauren wani otal. An yi jawabai masu kyau, dukansu da Turanci. An nuna hotunan ƙanƙarar da ke narkewa a ƙarshen duniya. An raba riguna da huluna, aka fita aka dasa itatuwa goma sha wani abu a bakin titi, aka ɗauki hoto. A zauren nan kaf babu ɗan lambu ko ɗaya, babu makanike, babu mai wankin mota, babu ɗan bola jari, babu mai ɗibar yashi, babu matar aure daga cikin lungunan da ruwa ya ci a 2012. Bayan wata biyu na bi ta wurin itatuwan, awaki sun gama da su. Raina ya ɓaci, domin na san waɗanda suka shirya taron da zuciya ɗaya suka yi. Kuskurensu shi ne sun yi wa kogi taro ba su gayyaci mutanen kogi ba. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Matasan Jos Green Centre sun shafe shekaru suna koya wa 'yan'uwansu haɗa wutar sola da mayar da shara abin sayarwa, suna kuma bin hukumomi da magana. Akwai ƙungiyoyin unguwa da na ɗalibai da ke fitowa yashe kwata kafin damina ba tare da kowa ya biya su ba. Ƙarfin yana nan, a warwatse yake, kuma bai taɓa haɗuwa a kan kogin nan ya daɗe ba.

Mu duba abin da ya faru a ɗaya ƙarshen wannan ruwa namu. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974, ambaliyar da ke raya fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu. A 1987 NCF da ƙungiyoyin duniya irin su IUCN suka kafa shirin kare fadamun. Da farko tsuntsayen da ke zuwa daga Turai cin rani ne suka jawo hankalinsu. Amma da aka zo muhawara kan madatsar Kafin Zaki da ake son ginawa a kan kogin Jama'are, ba da tsuntsu suka yi hujja ba. Sun zauna sun lissafa shinkafar fadama da kifi da itacen girki da kiwo, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala fadama yana samar da amfanin da ya fi na wanda aka tare domin manyan ayyukan ban-ruwa. Mutum yana iya goyon bayan madatsar, kamar yadda mutanen Bauchi da yawa suke yi, yana iya ƙin ta, kamar na Yobe da Borno. Abin lura shi ne maganar ta yi nauyi a kunnen hukuma ne ranar da ta zama maganar abincin masunci da manomi.

Haka aka gani a ƙasar Maraɗi. Shekara da shekaru ana dasa itatuwa suna mutuwa, domin manomi yana ganin itace na gwamnati ne, na ma'aikacin gandun daji ne. Daga shekarun 1980, da manoma suka fara renon tohon kututturen da ke gonakinsu, suka kuma tabbata cewa itacen da suka raina nasu ne, sai ga miliyoyin hekta sun sake yin kore a kudancin Nijar. Daga Laminga zuwa Nguru zuwa Maraɗi darasin bai canja ba: mutum yana kare abin da ya san nasa ne, wanda kuma yake ci daga gare shi.

Yadda za a sama wa Dilimi masu shi

Shawarata ta farko ga ƙungiyoyin ita ce su raba kogin gaɓa-gaɓa, daga wannan gada zuwa waccan. Kowace gaɓa a yi mata kwamiti na mutanen da ke kwana suna tashi a bakinta: mai unguwa, liman, fasto, shugabar mata, shugaban matasa, wakilin makanikai da na masu wankin mota, wakilin 'yan lambu. A rubuta yarjejeniya kamar ta Amurum, da Hausa da sauran harsunan unguwar, kowa ya sa hannu, a kafa allo a bakin gada ɗauke da sunan kwamitin. Jami'ar Jos, wadda kogin ke bi ta gefen harabarta a Naraguta, ta ɗauki nauyin auna ruwan kowace gaɓa lokaci-lokaci, a karanta sakamakon a rediyo yadda kowa zai fahimta. Ranar da mutanen wata gaɓa suka ji cewa ruwa yana shigo musu da dama-dama yana fita da ƙazanta, kishin unguwa kaɗai zai yi aikin da tara ba ta yi ba.

Ta biyu, kada a hana mutum abu sai an ba shi madadinsa. Uwar yarinyar nan ba don mugunta take aika ta gada ba. Lungunsu mota ba ta shiga, babu kwandon shara kusa, kogi ne kawai ba ya cewa a biya. Gidan da ya juya bututun masai cikin rafi, sau da yawa a kan dutse yake, haƙa rami ya fi ƙarfin mai shi. Singafo ta ɗauki shekara goma, daga 1977 zuwa 1987, tana tsabtace koginta, kuma kafin ta tashi masu sayar da abinci daga bakin ruwa sai da ta gina musu kasuwanni masu famfo da magudana. A nan ma aikin masu fafutuka shi ne su matsa wa hukumar tsabtace muhalli ta jiha, PEPSA, da hukumar raya birnin Jos, JMDB, da Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, a samar da wurin tara shara a bakin kowane lungu da ranar kwashewa da ba ta saɓawa, da banɗakunan jama'a, da durom na tara baƙin mai a kowane gareji, tun da akwai masu sayensa. 'Yan bola jari kuma a daina kallonsu a matsayin ɓarayi gaba ɗaya. A yi musu rajista, a ba su shaida, domin su ne suka fi kowa rage wa kogin nan roba da ƙarfe.

Ta uku ta fi ɗaci, ita ce gidajen da ke kan hanyar ruwa. Gaskiya ce wasu gine-ginen dole su tashi, in ba haka ba daren 2012 zai maimaita kansa. Amma wanda ya gina ɗaki a bakin rafi yawanci talaka ne da rikici ko tsadar haya ta koro, kuma akwai wanda ya sayar masa da filin, akwai wanda ya kau da kai lokacin da yake gini. Ƙungiyar da ta san ciwon kanta za ta tsaya a kan abu biyu a lokaci guda: a buɗe wa ruwa hanya, a kuma bai wa wanda za a tayar wurin komawa da diyya tun kafin katafila ta iso. Kuma doka ta hau kan mai bene kamar yadda za ta hau kan mai ɗakin langa-langa. Idan aka rushe na talaka aka bar na mai hali, an kashe amanar da duk aikin ya dogara a kanta.

Ta huɗu, ma'adinai. Haƙar kuza ba ta mutu ba, hannu ta canja. Matasa suna shiga ramukan loto da fitila a goshi, ƙasa tana ruftawa da su. Mata suna wanke yashi a bakin rafuka. A watan Fabrairun 2025 Gwamna Caleb Mutfwang ya sa hannu a dokar dakatar da haƙar ma'adinai a jihar, saboda tsaro da ɓarnar ƙasa da yaran da ke barin makaranta. Dakatarwa tana ba da damar numfasawa, amma ba ta cike rami. Ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya suke, kuma dokar 2007 ta wajabta wa mai lasisi gyara wurin da ya haƙa. Sashe na 20 na Tsarin Mulki ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa da daji. Aikin ƙungiyoyi ne su riƙa tambaya da suna: wane kamfani, wane rami, nawa aka ajiye domin gyara, yaushe za a fara. Haka kuma su bi sawun kuɗin shirin ACReSAL na Bankin Duniya, wanda Filato ke cikinsa, su ga nawa ne ya sauka a bakin rafukan cikin gari.

Akwai kuma wata riba da ba a auna ta da kwalbar gwaji. Tun rikicin Satumbar 2001, da na 2008, da na 2010, Jos ta rabu. Akwai unguwannin da Musulmi ba ya kwana, akwai waɗanda Kirista ba ya kwana, a wurare da dama kuma rafi ne iyakar. An yi tarukan sulhu ba adadi, mutane su yi musabaha a zaure su koma kowa gefensa. Dilimi yana bi ta gefen kowa. Sharar na sama tana sauka wa na ƙasa, kwalarar da ta tashi a wannan gaɓa ba ta tambayar sunan wanda za ta kama a waccan. Musulunci ya yi hani da ƙazantar da mashayar jama'a, ya hana ɓarnar ruwa ko da a bakin kogi mutum yake alwala. Kiristanci ya koyar da cewa an sa ɗan'adam a cikin lambu ne domin ya noma shi ya kuma kiyaye shi. Liman da fasto ba sa bukatar wanda zai ba su hujja daga waje. Samarin da suka yini tare cikin laka suna jan buhun shara ɗaya, wannan daga wannan gaɓa wancan daga waccan, sun san sunan juna kafin la'asar. Wanda ka san sunansa kuwa, da wuya a zuga ka a kansa.

Ba na cewa aikin zai yi sauƙi ko sauri. An fi shekara ɗari ana ɓata kogin nan, ba za a gyara shi da aikin gayyar Asabar ɗaya ba. Za a kafa kwamiti ya mutu, a sake kafawa. Za a kawo kwandon shara a sace, a sake kawowa. Amurum ma ba a dare ɗaya ya zama abin da ya zama ba. Zama aka yi ta yi da dattawa, ana saɓawa ana shiryawa, fiye da shekara ashirin. Abin da nake roƙon NCF da APLORI da matasan Jos Green Centre da duk wata ƙungiya mai kishin ƙasar nan shi ne su zaɓi gaɓa ɗaya tak, gada zuwa gada, su zauna a kanta shekara biyar ba tare da sun ɗaga ba. Idan unguwar gaba ta ga ruwan maƙwabta ya washe, da ƙafarta za ta zo tambaya. Gani ya kori ji.

Kafin damina ta faɗi ina da niyyar komawa lambun dattijon nan. Har yanzu ba ni da amsar tambayarsa, kuma ba na son in je masa da riga da hula. Ina son ranar da zan ce masa, "Baba, ga sunan mutanen da aka damƙa wa gaɓar nan, ga gidan shugabansu, kai ma an sa sunanka a ciki." Ina son yarinyar nan ta fito da bokitinta ta tarar da wurin zubawa a bakin lungunsu, ta wuce ta kan gada hannu sake, ta leƙa ƙasa don kallon ruwa kawai. Kogin da ya ciyar da kakanninmu ya kuma tara mu a wuri ɗaya bai cancanci maraici ba alhali 'ya'yansa sun cika gari.